Acoca a garkar Maraɗi: yadda nake shuka ta, da inda take maye koren tattasai

Acoca tsiro ce mai hawa, dangin kabewa da kokwamba da garahuni. Asalinta tsaunukan Andes ne, wajen Peru da Bolibiya, kuma manoman tsaunukan Nepal da Butan ma suna noma ta. Ɗanta kore ne mai tsini a baki, cikinsa holoƙo idan ya ƙosa. Ɗanye yana da ɗanɗanon kokwamba, amma da ya ji wuta da mai sai ya koma kusa da koren tattasai, a ƙamshi da a baki. Wannan ne ya sa na ba ta wuri a garkata ta bakin gulbi. Ba ta bukatar reno da dashe kamar tattasai, kuma sama take yi, ƙasan da take ci kaɗan ne.

Duk maganar acoca a ƙasarmu maganar lokaci ce. Tsiron tudu ce mai son sanyi, a can ƙasarta ta asali ana noma ta har kan tsayin mita 2,000, mu kuwa Maraɗi ba mu kai mita 400 ba. Abin da muke da shi kawai shi ne ɗari: Disamba da Janairu, lokacin da dare ke sauka wajen digiri 13 zuwa 15, rana kuma ta tsaya kusa da 30. Daga shuka zuwa tsinkar farko wata uku ne ko da ɗan ɗoriya. To sai a yi lissafi a baya. Wanda ya shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, furensa zai faɗo cikin tsakiyar sanyi, ya yi tsinka daga ƙarshen Janairu har Fabrairu ya ƙare. Wanda ya jira Janairu zai ga ganye mai kyau, amma furen zai ci karo da zafin Maris ya zube. A Afrilu da Mayu, da zafi ya wuce digiri 40, ba ruwan da zai cece ta. A damina ma tana yaɗo sosai, sai dai dare ba ya sanyi, ƙudan da ke sokar ƴaƴa kuma ya yi yawa, abin da ake samu bai kai wahalar ba.

Wurin da ya fi karɓar ta shi ne inda hantsi ke samu amma ranar la'asar ba ta dukan sa, wato gabas da katanga ko gabas da layin zogale. Ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, ina kafa zana ko darnin kara, domin ganyenta siriri ne, busasshiyar iska tana ƙona gefensa. Kada a sa ta inda tumatir, kuɓewa ko tattasai suka tashi. Ƙasarmu mai yashi ta cika da tsutsar nan da ido ba ya gani wadda ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, kuma dangin kabewa ba sa tsira daga gare ta. Bayan albasa ko hatsi ya fi.

Rami santimita 30 faɗi da zurfi, tazarar santimita 80 tsakanin rami da rami. Kowane rami shebur ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, da tafi ɗaya na toka, a gauraya da ƙasar sama, a ba shi ruwa kwana biyu kafin shuka. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Irin baƙi ne mai tauri, kamar ɓarɓashin ɓawon itace, saboda haka ina jiƙa shi dare ɗaya. Ƙwaya uku a rami, zurfin santimita 2. Yana fitowa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Idan ya yi ganye huɗu sai a bar ɗaya mai ƙarfi, ko biyu in takin ya wadata.

A kafa abin hawa tun ranar shuka, domin da zarar ta fara miƙa ba ta jira. Sanduna masu tsayin mita 2 a kan ƙasa, kowane mita 3, waya a sama, sannan igiya siririya ta sauko kan kowane tushe. Hannuwanta na kamu sirara ne, ba sa iya zagaye sanda mai kauri ko karan dawa mai santsi, amma suna kama igiya, tsohuwar raga ko ƙananan rassa. Tushe ɗaya yana iya miƙa mita 4 zuwa 5. In ya kai waya sai a tsinke kansa, ya fid da rassan gefe, a nan ƴaƴan suke yawa. Acocar da aka bari ta kwanta ƙasa ƴaƴanta suna ɓuya cikin ganye, suna tsufa ba a gani ba, wasu su ruɓe.

Ruwa kullum, lita 2 ga kowane tushe yana ƙarami, lita 4 zuwa 5 in ya fara fure, a gindi, da safe. A yashi sosai gara a raba shi safe da yamma. Ina rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, in bar faɗin tafin hannu tsakaninsa da karan saboda gara. Takin zamani kuwa a yi hankali da shi, musamman ure: yana sa ganye ya yi duhu, ya rufe waya, fure ya yi ƙaranci. Ƙarin tafi biyu na ruɓaɓɓen taki in fure ya fara ya isa.

Furen ƙanana ne ƙwarai, fari-fari mai ɗan kore. Namiji a gungu yake fitowa, mace ɗaya-ɗaya da ɗan ƙaramin ɗa a gindinta, duka a tushe ɗaya. Namijin ne ke riga fitowa, don haka kada a damu in satin farko ba a ga ɗa ba. In ƴaƴa suna yin rawaya tun suna ƙanana suna faɗuwa, ɗaya ne cikin uku: ƙishirwa, zafin rana, ko rashin ƙwarin da ke kai garin fure. Ƙananan ƙudaje da ƙudan zuma ne ke wannan aiki. Shi ya sa ba na fesa komai da safe, kuma ina barin ɗoɗɗoya ta yi fure a bakin layi.

Maƙiya uku na fi lura da su. Ƙudan da ke sokar kankana da guna yana sokar acoca: a ga ɗigo a jikin ɗan, wurin ya lotsa, ciki ya cika da tsutsa. Duk wanda ya kamu a tsince shi a ɗaure cikin baƙar leda a bar shi a rana, kada a yar da shi gindin shuka. Darɓa tana nannaɗe sabon toho. Sai ɗan ƙaramin jan gizon nan da ke zama bayan ganye in zafi ya fara, ganyen ya yi fari-fari ya bushe. Ga darɓa, rabin kilo na ƴaƴan bedi a daka, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma duk sati, har bayan ganye. Jan gizon kuwa in ya yi ƙarfi a ƙarshen Fabrairu, alama ce lokacinta ya ƙare.

Tsinka duk kwana biyu ko uku, domin ɗan da aka bari ya tsufa yana hana sabo fitowa. Ƙaramin da bai wuce santimita 4 ba cikinsa a cike yake, ana cin sa gaba ɗaya a salati. Wanda zai maye tattasai shi ne mai santimita 8 zuwa 12, wanda in an matsa shi ana jin iska a ciki. A tsaga shi tsaye, a cire baƙin irin da farin audugar ciki, a yanka sirara.

A tukunya dole a faɗi gaskiya. Ba ta da yaji ko kaɗan, tonka ko attaruhu na nan a matsayinsu. Ba ta ba miya jan launi, zaƙi da kauri irin na busasshen tattasan Diffa, wannan ba fagenta ba ne. Inda take cin nasara shi ne duk inda ake yanka koren tattasai a soya. Rabin kilo na acoca, albasa 2, cokali 3 na man gyaɗa, wuta mai ƙarfi, minti 4 zuwa 5. Gishiri a ƙarshe, domin in ya riga shiga yana tsatso ruwanta ta dahu maimakon ta soyu, ƙamshin tattasan kuma a suya yake fitowa. A haka take shiga ƙwai, taliya, dafa-duka, ko a zuba ta kan dambu. A miyar tumatir sai minti 10 na ƙarshe, in ta daɗe tana tafasa sai ta yi laushi ta rasa ɗanɗano. Mutanen Peru suna cusa mata niƙaƙƙen nama da albasa da dafaffen ƙwai, kuma manyan ƴaƴan sun dace da haka: a tsaga gefe ɗaya kawai, a cusa soyayyen nama, a jera cikin miyar tumatir mai ɗan ruwa, a rufe minti 20 kan wuta kaɗan. Sabon tohonta ma ana dafa shi kamar kowane ganye.

Da yake irinta ba a kan teburin masu sayar da iri yake ba, sai mutum ya ajiye nasa. Tun tsinkar farko ina ɗaura ƙyalle a kan ƴaƴa biyar ko shida na tushe mafi lafiya, in bar su har su yi fari su yi laushi. Ba ta barbara da kabewa ko kankana, irin yana fitowa yadda yake. A shanya shi a inuwa sati ɗaya, a zuba a kwalba mai murfi da ɗan toka, a ajiye a ɗakin ƙasa mafi sanyi a gidan, nesa da rufin kwano, domin sai ya haye bazara da damina kafin Oktoba ta zagayo.