Fim ɗin azurfa da ƙwan fitilar ɗakin gwaji

Abin da na lura da shi a ɗakin gwaji nan Kano: a gasa fim, wato siririn shafe, na sinadarin titanium dioxide (TiO2) a digiri 450 na zafi, a tsoma shi a ruwan AgNO3 (sinadarin azurfa da aka narkar a ruwa), a haska masa hasken UV (ultraviolet) mai tsawon zango 365 nm (nanomita), nan take ya rine, ya yi ruwan ƙasa. Ƙwayoyin azurfa sun fito ke nan. Amma a bar shi ƙarƙashin farin ƙwan LED, sannu a hankali sai ya koɗe. Hasken ne ke fizge lantarkin azurfar, iskar oksijin ta karɓe, azurfa ta koma Ag+, wato siffarta marar launi. Don kada ya koɗe, a naɗe shi da takardar alminiyam kawai. Ruwan burtsatse kuwa, kar ma a fara haɗa ruwan AgNO3 da shi, gishirinsa zai mayar da azurfar farin gari da ake kira AgCl.