Mako na shida da C: na kunna gargaɗi

'Yan uwa masu koyon C, yaren rubuta manhajar kwamfuta, a makon nan ban shiga sabon darasi ba. Kwana uku na yi ina fama da ƙaramar manhajar adashe da nake rubuta wa mahaifiyata, wadda ita ce uwar adashe a layinmu. Aikin manhajar shi ne ta fito da sunayen waɗanda ba su zuba ba. Sai ta riƙa nuna kowa ya zuba, jimillar kuɗi kuma sifili. Kwamfailar gcc, wadda ke mayar da rubutun C manhaja mai aiki, ko tari ba ta yi ba, tana haɗa aikin lafiya lau.

Daren Laraba na ƙara kalma biyu masu kunna gargaɗi a umarnin: gcc -Wall -Wextra adashe.c. Nan take ta nuna mini layi na 41. Na rubuta if (zubi = 0), da alamar daidai guda ɗaya. A C wannan ba tambaya ba ce, umarni ne: zuba sifili a cikin zubi, mazubin da ke riƙe kuɗin da mutum ya zuba. Sifili kuwa ƙarya ne a wurin C, don haka sharaɗin bai taɓa cika ba, kuma kuɗin kowa yana gogewa kafin a tara. Abin da nake nufi if (zubi == 0) ne. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin, idona yana ganin abin da zuciyata ke nufi.

Dalilin shirun shi ne rubutun bai saɓa dokar yaren ba. Kuskure ke tsayar da aiki. Gargaɗi kuwa yawancinsa a kashe yake sai ka kunna da kanka.

Kada sunan -Wall ya ruɗe ku, ba duka yake kunnawa ba. A C, gargaɗin gwada int (lambar da kan iya zama ƙasa da sifili) da unsigned (wadda ba ta iya hakan) sai da -Wextra, wanda ya kama mini wuri biyu da strlen, mai ƙidaya tsawon rubutu. Su kuma gargaɗin -Wshadow da -Wconversion ba sa cikin ko ɗaya. Na kuma lura idan na sa -O2, umarnin ƙara wa manhaja sauri, gcc ta fi gano mazubin da aka karanta kafin a zuba masa komai.

Ni dai ina ganin tun darasin farko ya kamata a koya mana wannan, tare da printf, umarnin nuna rubutu a allo.

Yanzu na sa -Werror, mai mayar da gargaɗi kuskure, a Makefile ɗina, fayil ɗin umarnin haɗa aiki, gargaɗi ɗaya ya isa ya tsayar da komai. Tsofaffin atisayena 14 suna jira, ranar Asabar zan bi su ɗaya bayan ɗaya.