Yau a haraj ɗin motoci na Jidda

Bayan la'asar muka shiga haraj, wato kasuwar motocin hannu, ni da Kawu, ina neman ƙaramar mota mai ƙofar baya da ake ɗagawa, don tsohuwar Corolla ɗina ta gaji, fahas ma, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, da ƙyar ta wuce bara. Idona ya tsaya kan wata Picanto ja mai sheƙi. Kawu ko kallonta bai yi ba. Ya nufi wata Yaris fara da duk ƙura ta lulluɓe, ya durƙusa da farar jallabiyarsa, ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera ya shinshina, ya shafa ƙarfen da yatsa. Ya ce, "Ɗana, tun ambaliyar Nuwamba 2022 nake fara duba nan. Motar da ruwa ya shiga, wari da tsatsa ba sa ɓuya." Sai da ya gamsu ya kunna AC, muka zauna shiru yana sauraron injin.

Da na kwantar da kujerun baya na ga keken marasa lafiya na Hajiya zai shiga ba sai an cire ƙafafunsa ba, sai ƙirjina ya yi nauyi. Corolla ɗin nan ce ta kai ta Makka Umra ba adadi, ita ce ta ɗauko 'yata daga asibiti ranar da aka haife ta. Gobe in Allah ya yarda za mu kai Yaris ɗin gareji a ɗaga ta a duba ƙasanta. Har yanzu ban san yadda zan miƙa wa wani makullin tsohuwar ba.