Zobon ya daina kumfa: inda aikin wayin ɗina ya kai

'Yan'uwana masu koyo, jarkar wayin zobon da na haɗa a farkon hunturu ta yi shiru. Tiyon da na zura daga murfinta zuwa kwalbar ruwa ya daina fitar da iska, ma'aunin sukari kuma ya tsaya a 0.996, na sake gwadawa bayan kwanaki bai motsa ba. Wannan tsayawar ce ke nuna yis ya gama cin sukarinsa. Shirun tiyo kaɗai ba hujja ba ne, musamman a Jos, inda sanyin dare kan sa yis ya kwanta barci alhali da sauran aiki a gabansa.

Ga masu tambayar awo: lita 5 na haɗa. Busasshen zobo gram 150, mai duhun nan, na wanke ƙurarsa na zuba masa tafasasshen ruwa na rufe har ya huce. Sukari kilo 1.1, wanda ya kai ma'auni wajen 1.085. Idan ka cire lambar ƙarshe (0.996) daga ta farko (1.085) ka ninka da 131, za ka samu ƙarfin barasar, nawa ya tashi kusan kashi 12 cikin 100. Ma'aunin nan, haidiromita, ɗan gilashi ne mai yawo a kan ruwa, kuma a ganina shi ya kamata mutum ya fara saya kafin kwalabe masu kyau. Na ƙara zabibi cikin tafin hannu guda, domin zobo da sukari kaɗai ba su da abincin da yis ke bukata, kuma yis mai jin yunwa warin ruɓaɓɓen ƙwai yake saki. Citta da kanumfari na ajiye su gefe. Kanumfari yana da ƙarfin da kan takura yis, gara a sa shi bayan an gama in ana so.

Yis ɗin da na yi amfani da shi Lalvin EC-1118 ne, wanda ke aiki tun daga digiri 10 har 30. Na burodi ma yana yi, kada tsada ta hana kowa farawa, sai dai ya fi saurin gajiya kuma ruwan yakan jima bai washe ba. A nan ne garinmu ya yi mana gata. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ɗakin ajiya yana zama da sanyi ba tare da firji ba, kuma tsimin da ya tafi a hankali cikin sanyi ya fi riƙe ƙamshi. Mutanen Abuja da ke haɗawa a watan Maris fama suke da zafin da ke sa jarka ta haukace ta gama cikin gaggawa. Mu namu aikin bargo ne: in dare ya yi tsanani a lulluɓe jarkar, a ɗaga ta daga kan siminti.

Wata uwa a unguwarmu da ta shekara da shekaru tana dafa burukutu ta leƙo ta ga tiyon da kwalbar, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ɗana, kai asibiti ka buɗe?" Na ce mata, "Mama, naki a kwana biyu an shanye, nawa sai ya yi watanni." Kuma bambancin ke nan. Burukutu ana shansa yana raye, yana kan tashi, tsaminsa ma wani ɓangare ne na daɗinsa. Wayin kuwa zama zai yi, kuma muddin iska na shigarsa, ko ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace suka samu hanya, ƙwayoyin da ke mayar da barasa khal za su kama aiki. Ta ɗanɗana kaɗan ta yatsine fuska ta ce tsami ya yi yawa. Na riƙe maganarta, ban ce komai ba.

Ana cikin haka aka yi wani bikin ɗanɗanar wayin a Abuja, wani aboki ya matsa sai na je. Na bi ta Akwanga da Keffi. An jera tebura, kowane da kwalabensa, na Faransa, na Italiya, na Sifaniya, sai na Afirka ta Kudu da suka fi cika wurin. Ana ba ka kofin gilashi ɗaya a ƙofa, ana zuba maka abin da bai wuce kurɓa biyu ba, ga ɗan bokiti a gefe na tofarwa. Da farko tofarwar ta yi mini kama da almubazzaranci, amma wanda ya haɗiye komai ba ya kai tebur na biyar da harshensa. Ana farawa da fari kafin ja, marar zaƙi kafin mai zaƙi, a ci guntun burodi a tsakani.

Abin da na je nema bai wuce ɗaya ba: me ya sa nasu ke cika baki, nawa kuma yake wucewa siriri da kaifi? A teburin Afirka ta Kudu na samu amsa. Matar da ke zubawa ta ba ni Chenin Blanc, ta ce in lura da gefen harshe, inda yawu ke tsinkewa. Tsami ke nan. Sannan ta zuba Pinotage, inabin da Abraham Perold ya samar a Stellenbosch ta hanyar haɗa irin inabi biyu, Pinot Noir da Cinsaut, ta ce in juya shi a baki in ji dasashina. Sai na ji baurin nan irin na goro, yana busar da baki. Daga fatar inabi da ƙwallonsa yake fitowa. A jan wayin mai kyau, tsami da bauri da barasa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu mai taka wani. Zobo kuwa tsami ya tara masa, jikinsa kaɗan ne, kuma da yis ya cinye sukarin da muka saba rufe tsamin da shi a zobon sha, sai ya fito tsirara. Maganar Mama ce dai, wannan karon a ɗaki mai sanyin na'ura.

Wani abin da na lura da shi: layin da ya fi tsawo na teburin masu zaƙi ne. Bakinmu ya saba da zaƙi, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Sai dai ku yi hattara. Zuba sukari a wayin a toshe kwalba ba tare da an tsayar da yis ba, kwalbar fashewa take yi. Ana amfani da potassium sorbate, sinadarin da ke hana yis hayayyafa, tare da ƙwayar Campden, mai kare wayin daga lalacewa, kafin a ƙara zaƙi, ko kuma a bar kwalba yadda take, kowa ya zuba ɗan zuma a kofinsa. Ni na biyun na zaɓa a yanzu.

Da na dawo na juye wayin ɗin da tiyo zuwa wata jarka mai tsabta, na bar lakar yis a ƙasa, na cika ta har wuya don kada iska ta samu wurin zama, na sa ƙwayar Campden ɗaya, wadda awonta lita 4.5 ne. Launinsa ja ne mai kyau, amma har yanzu da ɗan hazo. Zan bar shi ya kwanta har damina.

Haɗi na gaba zan rage zobo zuwa gram 100, in cike da inabi na gaske da fatarsa. Ana noman inabi a Kudan ta jihar Kaduna, na ci ne ba na wayin ba, amma fatar za ta ba da abin da zobo ya rasa. Wasu cikinku sun ce a gwada da strawberry na Chaha, ƙauyen da ke kusa da Jos, tunda lokacinsa ne. Ƙamshinsa na saurin gudu, don haka wanda zai gwada ya yi a ɗaki mafi sanyi. Mai tambaya kan dafa wayin a tace shi ya zama ogogoro kuma, ba da ni ba. Mun ji yadda giya mai gubar methanol ta kashe mutane a Ondo da Ribas a 2015, kuma sayarwa ma sai da rajistar NAFDAC. Maƙwabciyata Musulma ce, ba ta sha, amma ta roƙi in bar mata lita ɗaya a buɗe da ƙyalle a baki ya zama khal. Wanda ya taɓa yin khal na zobo a cikinku ya faɗa mini tsawon lokacin da ya ɗauka a wannan sanyin.