Inda na kai da koyon gane tsofaffin jiragen faiba masu tafiya da iska

Assalamu alaikum 'yan uwana masu wannan sha'awa. Tun kafin damina rabon da in kawo muku labarin inda na kai, to ga shi yau. Aikin dai yana nan yadda kuka san shi: in samo hoton tsohon jirgin faiba mai tafiya da iska, in danne sunansa da yatsa, in faɗi wanda ya tsara shi da zamanin da aka yi shi, sannan in ɗaga yatsa in ga ko na dace. Wanda na tabbatar da shi sai in sassaƙa rabin gangar jikinsa da icen rimi, tsawon kamu ɗaya, in manna a allo. Mu a nan Yauri ba mu da irin waɗannan jirage. Abin da ke bakin ruwanmu kwale-kwalen katako ne da masu inji, sai 'yan jigila na faiba da suka fara shigowa. Ido da hoto ne jarinmu.

Abin da ya fi zauna mini a wannan zango shi ne in daina fara dubawa daga sama. Fenti ana sake shi, ƙyallen iska yana tsufa a ɗinka wani, tagogi ma mai jirgi yakan canza idan sun fara yoyo. Amma gangar jiki daga mazubi ɗaya ta fito, kuma yadda ta fito haka za ta mutu. Saboda haka hoton da ya fi daraja a wurina shi ne na jirgin da aka ciro daga ruwa aka ɗora kan ƙarafa, ko da gansakuka ta cinye shi. A nan ne ake ganin fiffiken ƙasa, wato nauyin nan da ke hana jirgi kifewa, da allon tuƙi na baya. Waɗannan biyun sukan faɗa maka zamanin jirgi kafin ka duba komai.

Na daɗe a kan jiragen Carl Alberg, kuma ina ba duk mai farawa shawara ya fara da su, don hannunsa ba ya ɓuya. Mutumin Suwidin ne da ya koma Amurka. Shi ya tsara Pearson Triton, mai tsawon ƙafa 28 da ɗoriya, wanda aka fara nunawa a bajekolin jirage na birnin New York a farkon 1959, kuma yana cikin jiragen faiba na farko da aka yi da yawa aka sayar wa masu matsakaicin ƙarfi. Ka dube shi daga gefe. Leɓen jirgin yana tasowa daga baya, ya ɗan lotsa a tsakiya, ya sake hawa zuwa goshi a hankali, babu inda ya karye. Goshi da baya duka sun yi tsini sun leƙa saman ruwa ba tare da sun taɓa shi ba. A ƙasa kuma fiffiken dogo ne, haɗe yake da jiki kamar tare aka haife su, an zaftare gabansa, allon tuƙi kuma a manne yake da ƙarshensa a karkace. Jirgin siriri ne. Wannan duk fasalin jirgin katako ne aka zuba da faiba, domin masu yin na farko ba su gama sanin ƙarfin sabon kayan ba, shi ya sa ma suka riƙa zuba shi da kauri.

Matsalar ita ce 'ya'yan Alberg suna kama da juna. Triton da Alberg 30, wanda kamfanin Whitby na Kanada ya fara yi a 1962, duka suna da rufin ɗaki mai hawa biyu, gaba ƙasa-ƙasa da ƙananan tagogi, baya ya ɗan tashi da manya. Inda nake raba su yanzu shi ne waya ta gaba da ke riƙe sandar ƙyalle. A Alberg 30 takan hau har ƙololuwar sanda. A yawancin Triton kuwa takan tsaya ƙasa da ƙololuwa, sai ka ga wasu 'yan ƙarafa biyu sun fito gaba daga saman sandar suna tallafa mata. Idan kuma ka ga wannan jiki na Alberg amma tagogin na tagulla ne masu siffar ƙwai, to ka fara zargin kamfanin Cape Dory, don shi ya tsara musu jirage da dama.

Tambayar da ta dame ni ita ce me ya sa za a yi jirgi mai ƙafa 30 amma abin da ke cikin ruwa bai kai ƙafa 22 ba. Alberg 30 tsawonsa a layin ruwa ƙafa 21 ne da inci 8. Amsar tana cikin dokar tsere. Irin wannan jirgi mai nauyi yana da iyakar gudu, kuma tsawon layin ruwa ne ke yanke ta: a ɗauki tushen murabba'in tsawon da ƙafa, a ninka da 1.34, abin da ya fito shi ne gudun a ma'aunin teku, wato mil na teku a awa ɗaya. Dokar da CCA, wata ƙungiyar matuƙan jirage ta Amurka, take amfani da ita a lokacin tana duban layin ruwa wajen auna jirgi, don a yi wa gajere rangwame a tsere. To sai masu tsarawa suka gajarta shi a tsaye, suka bar goshi da baya a sama. Da iska ta kwantar da jirgi gefe guda, sassan nan sai su nutse, layin ruwa ya ƙaru, gudu ya ƙaru, alhali a takarda jirgin gajere ne. Dokar ta kuma yi sassauci ga ƙaramar sanda ta biyu a can baya, shi ya sa jirage irin Bermuda 40 na kamfanin Hinckley, wanda Bill Tripp ya tsara, ake yawan ganinsu da ita. Tun da na gane haka, duk jirgin da na gani da dogon goshi da dogon baya da ƙaramar sanda a wutsiya, hankalina sai ya tafi shekarun 1960.

Sai Cal 40 ya zo a 1963 ya ɓata lissafi. Bill Lapworth ne ya tsara shi, aka yi shi a Kalifoniya. Daga sama ba za ka ce wani abu ba ne. A ƙasa ne rigimar take: cikinsa shimfiɗaɗɗe, fiffiken gajere, allon tuƙi kuma ya rabu da shi ya koma baya shi kaɗai, babu abin da ke riƙe shi sai ƙarfen da ya ratsa cikin jirgi. Masu tsohon ra'ayi suka ce ba zai jure teku ba, amma jiragen Cal 40 suka ci tseren Transpac, daga Los Angeles zuwa Honolulu, a 1965 da 1967 da 1969. Daga nan galibin masu yin jirage suka bi wannan hanya.

A game da jiragen shekarun 1970 masu bin dokar IOR, wato dokar auna jiragen tsere da ta biyo bayan ta CCA, ba zan tsaya dogon bayani ba, don gane su ba wuya. Ka nemi hoton da aka ɗauka daga sama ko daga baya: ciki ya kumbura a tsakiya, goshi da baya sun tsuke, wani lokaci ma gefen yakan lanƙwaso ciki kafin ya kai leɓe. Ni dai ba su burge ni ba, kuma sassaƙa su ba daɗi. A wannan zamanin ne kuma faɗi ya fara ƙaruwa saboda masu saye suna son ɗaki. Alberg 30 faɗinsa ƙafa 8 ne da inci 9. Catalina 30, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, tsawonsu kusan ɗaya amma faɗinsa ƙafa 10 da inci 10, layin ruwansa kuma ƙafa 25. Idan ka jera rabin jikinsu a allo ɗaya, ko yaro zai nuna maka bambancin.

Na kai sassaƙen Alberg 30 wurin wani dattijo da ke haɗa kwale-kwalen katako a bakin ruwa, wanda nake zuwa wajensa neman guntayen ice. Ya karɓa ya juya shi, ya bi leɓen da babban yatsa tun daga baya har goshi, ya tsaya daidai wani wuri ya ce, "Ɗana, nan akwai tudu." Ni ban gan shi ba. Ya ɗauko siririn tsagin gora ya kwantar a kan leɓen, ya danne bakinsa biyu, sai ga haske yana shiga ta ƙarƙashi a gefe biyu na wurin da ya nuna. Ya ce gora ba ta ƙarya, duk inda ta ƙi kwanciya a nan aikin yake. Yanzu da ita nake duba kowane sassaƙe kafin in sa takardar gugar ƙarshe. Da ya kai ga fiffiken kuwa sai ya yi dariya: "Wanga ba na ruwanmu ba ne. Yashin farko zai riƙe shi." Gaskiyarsa, jirgin yana bukatar zurfin da ya wuce ƙafa 4 kafin ya motsa, mu kuwa kowa ya san yadda tudun yashi ke fitowa a Kwara idan ruwa ya ja baya.

Na ce, "Baba, to ga wani." Na nuna masa hoton Westerly Centaur a waya. Jirgin Ingila ne mai ƙafa 26, ofishin Laurent Giles ya tsara shi, ya fito a 1969, kuma an yi fiye da 2,400. Fiffikensa biyu ne, dama da hagu, a ɗan buɗe, saboda a gaɓar Ingila teku kan janye sau biyu a rana ta bar jirage kan laka, shi kuwa sai ya zauna daram a kan ƙafafunsa. Dattijon ya daɗe yana kallo, ya ce wanda ya yi wannan ya san ruwa mai tafiya ya dawo. Idan kun ga jirgi a tsaye kan taɓo ba tare da an tokare shi ba, da ɗaki mai tsayi da jiki ɗan dirkeke, ku fara da sunan Westerly.

Na Ingila na biyu da na yi aiki a kansa shi ne Contessa 32, wanda David Sadler ya tsara, Jeremy Rogers ya riƙa ƙerawa a Lymington tun farkon shekarun 1970. Shi tsaka-tsaki ne: fiffiken bai kai na Alberg tsawo ba, bai kai na Cal 40 gajarta ba, allon tuƙi kuma yana da ƙashi a gabansa da ke kare shi. Yana kwance ƙasa-ƙasa kusa da ruwa, siriri, bayansa a tsuke. Sunansa ya fito ne a tseren Fastnet na Agustan 1979, a tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland, lokacin da guguwa ta afka wa jirage 303 har matuƙa 15 suka rasu. A rukuninsu na ƙananan jirage, wani Contessa 32 mai suna Assent ne kaɗai ya kai ƙarshe. Ɗan'uwansa da bai kai shi girma ba, Contessa 26, ya fi sauƙin ganewa: allon tuƙi a waje yake rataye a baya, ƙofar shiga ɗaki kuma ba ta da murfi mai zamewa, sai wani ɗan ƙundu da aka zuba tare da rufin. Jininsa na Folkboat ne, wani ƙaramin jirgin iska na ƙasashen arewacin Turai. Da irinsa Tania Aebi, wata matuƙiya 'yar Amurka, ta zaga duniya tsakanin 1985 da 1987.

Akwai hanyar gajarce wahala ga jiragen Amurka. Daga Nuwamban 1972 doka ta tilasta a buga lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a bayan jirgi, sama ta hannun dama, kuma haruffa uku na farko su ne alamar kamfani. Idan hoton ya nuna wurin, magana ta ƙare. Sai dai jiragen da suka fi ba mu sha'awa da yawansu sun girmi dokar, na Turai na wancan lokaci kuma ba ta shafe su ba. Alamar da ke kan babban ƙyalle ma tana taimakawa, amma kada ku rantse da ita, don ana sayen ƙyalle na hannu daga wani jirgi a ɗaura.

Inda nake yanzu shi ne masu tsini gaba da baya, waɗanda idon ɗan Yauri ya fi sabawa da su saboda kwale-kwalenmu. Westsail 32 na 1971 shi ne jigonsu. Asalinsa yana komawa ga zanen William Atkin, wanda shi ma ya ɗauko daga jiragen ceto na Colin Archer a Norway. Fiffike tun daga gaba har baya, allon tuƙi a waje, doguwar sanda ta leƙo daga goshi, nauyi kuma kusan tan 9, wato ninkin Contessa 32 duk da tsawonsu ɗaya. Valiant 40 na Robert Perry, na 1973, shi ma bayansa a dunƙule yake, amma yaudara ce: a ƙasa fiffikensa a rabe yake da allon tuƙi, kuma allon a ƙarƙashin jirgi yake, ba a waje ba. Waɗannan biyun na raba su. Wanda ya rage mini shi ne Tayana 37, shi ma na Perry, da aka riƙa yi a Taiwan, mai dunƙulallen baya da dogon fiffike da sandar goshi da katako mai yawa a sama. Duk wanda ke da hotonsa a wajen ruwa, wanda aka ɗauka daga baya daidai tsakiya, ya taimaka mini da shi, don a nan ne zan ga yadda cikin ya sauko ya haɗu da fiffike.

Masu sassaƙa kuma ku lura: rimi yana da daɗin wuƙa a jiki, amma ba ya riƙe sirara. Allon tuƙin Cal 40 da fiffiken Centaur da guntun maɗaci nake yin su yanzu, in huda jikin in dasa su da gam.