Na buga littafin kyamarata a takarda

Masu kyamara, in da hali ku buga littafin bayaninta a takarda. Tawa Canon ce ta hannu, ba ta zo da littafi ba, sai PDF na sauke a waya. Gaskiya waya ta fi saurin nemo abu, kana rubuta ISO (saitin ƙarfin jin haske na kyamara) zai fito. Amma da rana tsaka fuskar waya ba ta ganuwa, ga caji yana zuba.

Sai na kai wani shago a Samaru, inda ɗaliban ABU ke buga takardunsu. Na ce wa yaron, "Ƙanena, shafi biyu a kowace fuskar A4, gaba da baya." Ya huda gefe, ya zura zoben roba, ya sa bangon leda mai kauri. Babin bidiyo kam na bar shi a waya.

Abin da ya fi yi mini daɗi, littafin yana zama a buɗe kan tabarma, hannuwana biyu suna kan kyamara. Ina karantawa ina murɗa maɓalli. A gefen wani shafi na rubuta 1/1000 da biro, wato saurin ɗaukar hoto na kashi ɗaya cikin dubu na sakan, saboda dawakin hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau. Yanzu ina kan bayanin AI Servo, saitin da ke sa idon kyamara ya riƙa bin abu mai gudu.