Abin da Dillali Ba Ya Faɗa Game da Unguwa

Mai neman gida a Kano yakan fara da tambayar ɗaki nawa ne, akwai falo ko babu, sannan nawa ne kuɗin haya a shekara, shi kuwa dillali yana amsawa da sauri saboda a kan haka la'adarsa ta rataya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne unguwar kanta, alhali ita ce za ta yanke wa mutum yadda safiyarsa za ta kasance, da lokacin da zai shiga gida da dare, da abin da zai rage a aljihunsa idan wata ya raba. A ganina kuɗin haya wani yanki ne kawai na tsadar zama a wuri. Ragowar ana biyanta ne kullum, kaɗan-kaɗan, a hannun ɗan ga-ruwa da mai a-daidaita-sahu da mai kemis, shi ya sa ba ta shiga lissafin da ake yi ranar karɓar makulli.

Ruwa nake fara dubawa, kuma ba na yarda da ganin kan famfo a tsakar gida, domin akwai famfunan da suka shekara ba su ɗiga ba. Birnin yana da matatun ruwa a Challawa da Tamburawa da Watari, amma gari ya faɗaɗa fiye da inda bututu ya kai, ta yadda gidaje masu yawa a ƙananan hukumomi takwas ɗin da suka haɗu suka zama Kano ta yau sun dogara ne da rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa masu tura kura. Lissafin ba shi da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Idan aka ɗauki mafi ƙarancin, gida mai mutum takwas yana bukatar lita 400, wato jarka 16 mai cin lita 25 a kowace rana ta Allah. Mutum ya tambayi kuɗin jarka a unguwar, ya kuma tambayi kuɗinta a watan Afrilu lokacin da zafi ya kai maƙura kuma rijiyoyi suka ja baya, sannan ya ninka har shekara. Sau da yawa zai tarar cewa gidan da ya ɗauka mai sauƙi ne ya fi wanda ya guje wa tsada. Dama an ce araha ba ta ado.

Samun ruwan ma bai wadatar ba sai an san daga ina yake fitowa. A unguwannin da gidaje suka matse, rijiyar wani gida takan kasance taku kaɗan daga masan maƙwabcinsa, katanga ce kawai ta raba su a sama, a ƙarƙashin ƙasa kuwa babu abin da ya raba su. Daga nan taifot yake samun hanya, daga nan kuma amai da gudawa suke tashi idan damina ta kankama.

Damina ita ce alƙalin unguwa a Kano, kuma da ina da iko da na hana kowa biyan haya a wurin da bai gani ba a watan Agusta. Wanda ba zai iya jira ba yana iya karanta bango. Tabon da ruwa ya bari a jikin katanga yana nuna iyakar inda ya kai bara. Dokin ƙofa da aka ɗaga da bulo biyu ko uku, da buhunan ƙasa da aka jera a bakin zaure, duk shaida ce da ba ta bukatar tambaya. Tsohon birni yana da kududdufai da yawa, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, kuma su ne suke shanye ruwan sama idan ya sauka. Da fili ya yi tsada sai aka riƙa cike su da shara ana yin gini a kai, ruwan kuwa bai daina zuwa inda ya saba ba. Saboda haka idan na ji an ce wa wani layi “bayan kududdufi” amma ban ga kududdufin ba, nakan san cewa a kansa nake tsaye. Lambatu ma ina dubawa, ba don in ga ko akwai shi ba, sai don in ga inda yake zubewa, domin kwatar da ta tsaya cak a ƙofar gida gonar sauro ce, kuma kuɗin maganin zazzaɓin yara yana cikin kuɗin hayar da ba a rubuta ba.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin ya fi komai wuyar gyara, wato yadda aka yanka filayen tun farko. Kanawa sun san bambancin awon gwamnati da awon igiya. A awon igiya, mai gona ne ya sayar, aka auna aka yayyanka, kowane taku da aka bar wa hanya kuma asara ce ga mai sayarwa, don haka sai a bar ɗan lungun da babur biyu za su gifta da ƙyar. Ba a nan ake ware filin makaranta ko asibitin sha-ka-tafi ko wurin zubar da shara ba. Ma'aunina a nan guda ne: shin mota za ta iya zuwa ƙofar gidan? Motar kashe gobara nake nufi, da tankar ruwa, da motar yashe masai, da kuma wadda za ta ɗauki mace mai naƙuda da ƙarfe biyun dare. Wuta tana iya gyaruwa, ruwa yana iya zuwa idan gwamnati ta ga dama, amma lungun da aka gine gefensa biyu da siminti ba ya faɗaɗa sai da rusau.

Batun lantarki yanzu yana da sauƙin bincike fiye da da, tunda an raba layukan wuta rukuni-rukuni, daga A mai alƙawarin awa 20 a rana zuwa E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit, don haka zama a kan layi mai wuta ma yana da nasa nauyin. Tambayar da ta fi amfani ita ce sau nawa taransifomar unguwar take lalacewa, kuma idan ta lalace wata nawa ake yi kafin a haɗa kuɗin gyara. Sufuri kuwa, tun da aka hana acaɓa a 2013 aka koma a-daidaita-sahu, sannan aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nisa ya zama kuɗi tsagwaronsa. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa da ya koma bayan gari don rangwamen haya, idan sai ya hau abin hawa biyu kafin ya isa, yara kuma suna da nasu zuwan makaranta, to rangwamen ya tafi a kan titi.

A kan tsaro ina taka-tsantsan da jita-jita, domin an sha ɓata sunan unguwa sukutum saboda lungu biyu ko uku da 'yan daba suke taruwa, an kuma sha yabon wata alhali ƙwacen waya ya hana mutane fita bayan magariba. Abin da nake yi shi ne in je bayan sallar isha. Idan na tarar mai shayi yana nan da jama'arsa, mata suna dawowa daga islamiyyar dare, dattawa suna zaune a kan dakali, na samu amsata. Idan kuwa kowa ya kulle ƙofa tun ƙarfe takwas kuma fitilar kemis kaɗai ke ci, ita ma amsa ce.

Sai dai duk waɗannan suna komawa ne ga mutanen wurin. Na ga layuka biyu masu maƙwabtaka, talaucinsu ɗaya, awon igiyarsu ɗaya, amma ɗaya yana da kwamitin da yake karɓar ɗan abin da ya samu daga kowane gida, yana biyan 'yan sintiri, yana fitar da matasa aikin gayya su yashe lambatu kafin ruwan farko, ɗayan kuma kowa yana jiran wani ya fara. Mai unguwar da ake jin maganarsa, wanda zai raba rikicin iyaka ko na kwata kafin a kai ga 'yan sanda, ya fi kwalta amfani a wasu lokutan. Ba ina cewa cunkoson cikin gari ya fi tsararrun unguwanni irin su Nasarawa ba. A can akwai hanya da bishiyoyi da iska, kuma wanda ya taɓa kwana a ɗakin da ba taga a watan Maris ba zai raina iska ba. Amma a can kowane gida shi ne hukumar ruwansa da wutarsa da tsaronsa, tsarin da ba ya yiwuwa sai ga mai hali. Mai ƙaramin ƙarfi da maƙwabta yake rayuwa, ko ya so ko bai so ba.

Saura wanda za a tambaya. Mai gida da dillali suna da abin karewa, maza kuma da yawansu fita suke yi da safe su dawo da dare, ba su san rabin abin da ake ciki ba. Matan da suke wuni a gida su ne suka san ranar da ruwa ya yanke, da wane kemis ne yake buɗewa cikin dare, da makarantar da malamanta suke zuwa aji. Mai aure ya tura iyalinsa su shiga gida biyu ko uku su gaisa. Shi kuma ya nemi ɗan hayar da ya tashi daga gidan, ya tambaye shi dalilin tashinsa da watan da ya tashi.